Ranar da Na Karɓi Haihuwar Jita

Na karɓi haihuwa ba adadi a rayuwata, amma sau ɗaya tak na taɓa zura hannu cikin jita.

A Tudun Wadar Gusau muke zaune lokacin, ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti. Katanga ɗaya ta raba mu da wani dattijo Kirista, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Baba kowa ke ce masa. Yana da jita ta katako mai rami a tsakiya, wadda marigayiya matarsa ta zaɓar masa da kanta. Kayan lantarkin cikinta ne suka burge ta: ɗan akwati a gefe mai cin batir, da kafar soka waya a gindi, don a jona da lasifika a coci har na baya su ji mijinta.

To, batir ya daɗe a ciki ya zubar da ruwa, akwatin ya mutu, wayoyi suka saki. Da Baba ya taɓa tsirkiya sai ka ji zzzz, kamar zuma ta faɗa tulu. Ga shi ranar Asabar za a yi bikin autarsa a Tsafe, kuma ya yi mata alkawarin waƙar da uwarta ke yi mata tana goye. Ni da na saba jin kiɗansa ta katanga kullum da la'asar, wallahi shirun ya dame ni.

Ran Alhamis na dawo daga aiki na tarar da su a ƙofar gida: Baba, da maigidana, da mai gyaran rediyon unguwarmu riƙe da zarto. Duk hannunsu ya ƙi shiga ramin, shi ne mai rediyo ya ce a fasa bayan jitar a kwashe kayan.

Na ce, "Kai, ajiye zarton nan! Daga zuwa sai tiyata? An bar ta ta gwada da kanta ne?"

Maigidana ya ce, "Ga likita ta iso, a ba ta wuri."

Na sa Baba ya sassauta tsirkiyoyin. Na cire awarwaro da zobe, har na wanke hannu da sabulu kafin na tuna katako ne. Dariyar da suka yi mini ba a magana. Na rungume jitar a cinya, na rufe ido, na zura hannu. Ai aikinmu ke nan, yatsa ke gani. Na lalubo wayoyin, wasu na lilo, wasu maƙale da 'yan ƙarafa da aka manna a jikin katako, na bi su ina ɓamɓarewa a hankali. Mai rediyo ya kwance akwatin gefe da sukudireba, ya warware notin gindi da filaya, na jawo su ta ciki. Saura waya ɗaya da ta ƙi biyo ni. Ta haura ta wata 'yar kafa zuwa ƙarƙashin farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa. Baba ya ɗaga ƙashin, sai ga wani siririn abu kwance kamar tsinke. Muka tura shi ciki, na fito da kayan gaba ɗaya a tafin hannu.

Maigidana ya ce, "Barka da arziki! Mace ko namiji?"

Aka mayar da ƙashi, aka ɗaure tsirkiyoyi, Baba ya kaɗa. Innalillahi! Zuma ta tafi, amma yanzu tsirkiyoyin ne suka kwanta kan ƙarafunan wuyan jitar suna kaf-kaf-kaf, ko sauti ɗaya mai daɗi babu. Baba ya dubi jitar, sannan ya ce, "Ba komai 'yata, kin yi ƙoƙari." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Maigidana ɗan Bungudu ne, cikin masu gurmi ya tashi. Ya karkata kai ya leƙa, ya ce ai ƙashin ne ya nutse, tsinken da muka zare shi ke tallafe da shi. Ya miƙe ya shige kicin. Sai ga shi da muciyata, yana fere ta da reza.

Na ce, "Malam, muciyar tuwon?"

Ya ce, "Ke kika karɓi haihuwa, ke za ki ba da zanen goyo."

Ya kankare ɗan siririn itace, ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙashin. Baba ya sake ɗaurewa ya kaɗa. Tangaram! Har mai rediyo sai da ya yi kabbara. Washegari baduku ya rufe ramin gefe da jar fata, aka toshe na gindi da ɗan itace.

Kayan da na ciro kuwa, Baba ya naɗe su a ɗankwalin matarsa. Na so in tsokane shi in ce ina za mu binne mabiyiya, da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Ya ce, "Ita dai burinta na baya su ji. Yanzu ba lasifika, anya za su ji?"

Saboda haka ran Asabar a Tsafe, wurin liyafa, na ƙi kujerar da aka ba mu a gaba. Na koma can ƙarshe, kusa da masu rabon shinkafa. Baba ya zauna ya fara. Mutane suka yi tsit, har masu cokula suka dakata. Bai kai rabin waƙar ba muryarsa ta karye, amma yatsunsa ba su tsaya ba. Sai amarya ta ɗauka daga inda ya tsaya, tana yi tana share ido. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Da aka tashi ya ratso mutane yana nemana, hannunsa dafe da aljihun da ɗankwalin yake. Ya zo ya tsaya a gabana.

Na ce, "Baba, a can baya na zauna. Mun ji."