Ɗigo Uku a Ƙugun Tela

Tela ya shekara arba'in yana jan alli a jikin yadi, kuma duk layin shagunan an san shi da hali ɗaya: ba ya iya ganin abu a karkace ya ɗauke kai. Ko hoton bango ne a gidan mutane sai ya tashi ya gyara. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

Da fitsari ya fara yi masa gardama, likita ya ce ciwon daji ne a 'yar tsokar nan ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Da yardarsa aka sa shi cikin wani bincike: wasu a gasa musu wurin da hasken na'ura sau ashirin, wasu sau biyar amma mai ƙarfi, a ga wanne ya fi. Ƙuri'a ta ba shi biyar. Ya ji daɗi, don barin keken ɗinki wata guda ba ƙaramin abu ba ne.

Mai kula da na'urar, sa'ar 'yarsa, ta ɗiga masa tawada sau uku a ƙugu, ta ce kada ya goge, da su ake saita hasken. A gida ya tsaya gaban madubi. Ɗigon hagu ya fi na dama sauka da faɗin yatsa. Ya sa tef ya auna har sau biyu, ya goge, ya ɗiga sabo da biro.

Sai da ya kwanta a gadon na'urar tsoro ya kama shi. In ya yi shiru, hasken zai ci inda ba ciwo. In ya faɗa, ƙila a cire shi daga binciken. Ga kunya, dattijo da ɓarnar yara.

"'Yata, dakata," ya ce. "Na hagun nan aikina ne."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, ɗigon ba ƙugunka yake bi ba, ciwon da ke ciki yake bi."

Ba a cire shi ba, amma sai an sake ɗaukar hoton cikinsa don saita hasken, an jira mako guda. Da ta ɗauko takardar binciken za ta rubuta dalilin jinkiri, ya tuna da mazan da ya bari a benci suna jiran layi, da waɗanda za a yi wa irin gashin nan nan gaba, in an gama lissafin sakamakon binciken.

"Rubuta da kyau," ya ce. "Ki ce tela ne ya taɓa. Kada gobe a ɗora wa maganin laifina, a hana wani."