Rigar Bayan Ƙofa

Gwaggona tela ce. Shekara talatin tana taka keke ɗaya, ban kuwa taɓa ganin ta yi kuskure a ɗinki ba sai da wata takardar asibiti ta shigo gidan. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu shekara shida ke nan. Rigar aikinsa, wata shuɗiya mai tabon baƙin mai a aljihu, tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. Duk wata sai ta sauke ta, ta kakkaɓe, ta mayar.

'Yarta ce ta ja ta gwajin jini, irin na a duba komai da komai. Da sakamako ya zo aka nemo ni, don ni ne mai boko a gidan, alhali daga aji uku na sakandare na ari na kare.

"Karanta min, sarkin surutu," in ji Gwaggo, ƙafarta na kan keke.

Suga lafiya, ƙoda lafiya. Sai layin ƙarshe: wata cuta wai ita hapis, an samu, ɗaya da ɗigo uku.

"Ɗaya da ɗigo uku? Gwaggo, ko ni na fi haka ci a lissafi."

Ta yi dariya, ta ce in duba mata a waya. Na duba, bakina kuma ya riga hankalina. Na karanta da ƙarfi: ƙuraje ne masu ruwa, cutar ba ta barin jiki, wannan irin ta kwanciya ake ɗauka.

Keken ya tsaya.

"Ta me?"

Na kife wayar a cinya.

"Ni fa namiji ɗaya na sani a duniya," ta ce, a hankali. Ba ni take kallo ba, ƙofar take kallo.

Washegari na raka ta wajen likita. Likitar ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Lamba ƙarama irin wannan takan yi ƙarya, gwajin kan ruɗe. Za mu yi wani daban, kwana goma sha biyu ya fito." Ni na ji kalmar ƙarya. Gwaggo kwanakin kawai ta ji.

Ta ware kofinta, duk da likita ta ce kofi ba ruwansa. Jikarta ta rarrafo wajenta, Gwaggo ta janye ƙafa. Ta yanke wa wata mata hannun riga biyu duk na hagu. Abin da ya fi tsorata ni tambayoyinta. Ina tsaka da cin abinci sai in ji, "Kai da ka taɓa bin marigayi a mota, garin nan da yake kwana biyu in ya sauke kaya, a ina yake sauka?"

"A ƙarƙashin mota, Gwaggo, shi da sauro. Munsharinsa ma ya isa ya kori mata."

Ko murmushi. Na ga tana lissafa shekaru da yatsu.

Rana ta tara na shiga ɗauko mata almakashi, na ga ƙusa tsirara. Mai sayen tsofaffin kaya ya wuce da baro da safe, ta miƙa masa rigar, ko juyowa ba ta yi ba.

Sakamako na biyu ya fito: babu komai. Na shigo ina tsalle, ina cewa ta ci jarrabawa. Ta karɓi takardar da ba ta iya karantawa, ta daɗe tana kallo.

"Kwana goma sha biyu ina tuhumar bawan Allah da ba shi da bakin kare kansa," ta ce. "In na je na same shi, me zan ce?"

Sai ta damƙe hannuna, yatsunta sanyi ƙalau. "Nemo min rigar."

Yau kwanana huɗu a layin 'yan gwanjo. Duk shuɗiyar rigar da na gani sai na juya aljihunta, har sun fara ce min ɓarawo mai ladabi. Mai baron ya ce ya haɗa ta a dila, dilar kuma ta bi mota.

Gwaggo ta koma kan keke, ta ɗauki jikarta. Amma ta daina rufe ƙofar ɗakinta. In ta rufe, ƙusar za ta gani.