Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini. Wanda ya san gidajenmu ya riga ya gane halin da Inna ta shiga: ga kunyar 'yar fari, ga sunan surukarta, surukar kuma tana nan da ranta a tsakar gida tana taunar goro. Don haka har na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana, sai ta ce "ke". In da ƙannena take magana, sai ta ce "ku ce wa yayarku". Ba ta ɗora ni a cinya, ba ta yi mini kitso, wajen maƙwabciya ake tura ni. Ni ma ban ɗauki abin a bakin komai ba, haka na taso na gani, sai ranar da sinima ta zo Agadas.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai. Wata mota ta zo daga Yamai da inji a bayanta, aka ɗaura farin ƙyalle a bangon lakol, wato makarantar boko, aka yi shela cewa kowa ya zo bayan magariba. Baba ya bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Dirku da kayan saidawa, ba mai hana mu, muka kwashi tabarma har da Kaka. Da farko manya aka nuna sanye da kwat suna ta gaisawa da juna, har na fara gyangyaɗi. Daga nan aka sa na yara. Zane ne irin na hannu, amma yana motsi, yana magana da Faransanci.

Wata dabba ce ta fito, kunnuwa kamar na jaki, tana tafiya da tsalle, ga aljihu a cikinta inda take saka ɗanta. Nan musu ya kaure. Wani Buzu a bayanmu ya rantse zomo ne ya ƙoshi. Wani ɗan lakol yana ta ƙoƙarin faɗa mana abin da mushe, malaminsu, ya koya masu a kanta, ba wanda ya saurare shi. Mata kuwa dariya har da riƙe ciki.

"Goyo a gaba!" in ji Kaka. "To in za ta yi daka fa?"

Ni ban yi dariya ba, labarin ya riga ya kama ni. 'Ya'ya biyu gare ta. Da aka haifi ƙaramin, babban ya rasa wuri a aljihu, ya yi fushi ya shiga daji ya ɓata. Sai uwar ta bar komai ta bi shi. Ba na jin Faransanci a lokacin, amma kalma ɗaya take ta maimaitawa, a kan dutse, a bakin ruwa, kuma kowa ya san sunansa ne take kira. Da ta gan shi ta rungume shi a gaban duk dabbobin daji, ta cusa shi a aljihu, ƙafafunsa na reto a waje. Na waiga na dubi Inna. Ƙanena na kan cinyarta, ta rufe baki da gyale tana dariya.

Washegari ta ce, "Ke, kawo mini tsintsiya." Na yi kamar da bango take. Ta sake faɗa, na ci gaba da wasa da ƙasa. Ta aiko ƙanena, na ce masa, "Ka ce mata ina da suna."

Inna ta ɗaga ludayi, ta tsaya da shi a sama, sannan ta aje ta je ta ɗauko tsintsiyarta da kanta. Kaka ce ta fara samun bakin magana.

"Takwarata, mi ya same ki? So kike ta faɗi sunana ina zaune? Zo nan ni in kira ki har ki gaji."

"Ba naki nike so ba."

"La ila! Sinima ta ɓata mana ɗiya."

Tun ina yarinya ina da taurin kai, har yau ma 'ya'yana shaida ne. Na kwashe kwanaki a haka. Kowa ya aike ni zan je, amma "ke" ɗin Inna ba na amsa ta. Maƙwabta suka ji, suka mai da ni abin tsokana, duk inda na wuce sai a ce ga mai suna nan. Su wasa suka ɗauka. Ni kuwa abin ya zauna mini a ƙirji, don na riga na yanke cewa Inna ba ta so na, kunyar nan kawai mafaka ce ta samu.

Wata rana da hantsi na faɗa wa Kaka haka, da ƙarfi, don a ji. Inna na zaune a inuwa tana ɗinkin jakar fata, sana'arta ke nan. Na ce, "Ko dabba tana kiran ɗanta. Ni Inna ba ta so na, shi ke nan." Kaka ta buɗe baki za ta yi wasa, ta fasa. Inna ba ta ɗago ba, amma na ga hannunta ya tsaya a kan fatar, ya daɗe bai motsa ba.

Da la'asar ta ɗauki kwando za ta je tsintar bagaruwar jimar fata. Kullum ita da maƙwabciya suke zuwa. Ran nan ba ta kira kowa ba. Ta aje ƙaramin kwando a gabana, ta fita ba ta waiwayo ba. Ba ta ce "ke" ba, don haka ban ga laifin bin ta ba.

Muka wuce gidajen ƙarshe, muka gangara cikin ƙori, busasshen rafin nan, yashi ya fara hucewa. Muka shiga tsinta. Can ta miƙe, ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ba kowa sai awaki nesa da mu. Ta juya mini baya, ta kama reshe kamar mai duba ko ya yi 'ya'ya, sai ta faɗi sunana.

A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗaukar garwashi da yatsu. Na ji shi sarai. Dubban mutane sun kira ni da sunan nan kafin ranar da bayanta, ban taɓa jin ya yi mini daɗi haka ba. Idona ya cika, na tsaya riƙe da kwando.

Har yanzu bayanta nake gani. Ta ce, "To, kin ji. In kika faɗa wa kakarki, ni da ke ne."

Na share hanci da bayan hannu. Na ce, "Inna, ban ji ba."

Ta juyo. Ita ma idonta ya yi ja, amma dariya ta ci ƙarfinta. Ta jefe ni da bagaruwa, ta ce, "Ji min 'yar banza." Ta sake duban hagu da dama, sannan ta dube ni ido cikin ido, ta sake faɗa.