Sa'adu, Mai Shiga Gaban Masu Gudu

Shekara goma ke nan da rasuwar ƙanina Sa'adu, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Da na so in bar ranar ta wuce kamar yadda na saba, in yi sadaka in yi shiru. Sai ga abokansa sun zo gidana a Luggere da wata buƙata, na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Suna so tseren da suke yi duk shekara don tunawa da shi ya bi ta mahaɗar da aka kashe shi. Tun da abin ya faru ba su sake bin wurin ba. Ni ma haka. In na ga mai keke napep zai karya ta can, sauka nake yi in nemi wani.

Sa'adu tela ne, yana da ɗan shago a Jimeta. A hannuna ya ƙarasa girma bayan iyayenmu sun rasu, kuma har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba, sai Adda, wato yaya da Fulatanci. Lokacin da aka hana babur a gari kowa ya koma keke napep, shi kuwa ya je ya sayo keken tsere na gwanjo, mai taya siririya kamar yatsa. Na yi masa dariya, na ce wannan ko kajin gidana ba zai ɗauka ba. Da keken nan ya shiga wata ƙungiya ta masu motsa jiki, waɗansu na gudu waɗansu na hawan keke. Akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa, akwai ɗalibai. Shugabansu Oga Chidi ne, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda aka haifa a nan Jimeta. Ba su da mai horar da su, ba su da filin kansu. Titi ne filinsu. Da an sallame sallar asuba su haɗu, wata rana su miƙi hanyar Namtari, wata rana su gangara cikin Yola har Bako su juyo.

Ba zan ƙara musu abin da ba su da shi ba. Ba gwanaye ba ne. Sun taɓa zuwa tsere a wata jiha suka dawo da riguna da ciwon gwiwa, babu kofi. Amma ranar Asabar a ƙofar gidana suke ƙare gudunsu, ni kuma in fito musu da kunun gyaɗa. Oga Chidi ya kan ɗaga kofinsa ya ce, “Adda, wannan kunu naka shi ne fetur namu, abeg ƙara mini.” Sa'adu ya ce a daina ƙara masa, don cikinsa yana riga shi isa layin ƙarshe.

Sai fitinar nan ta ƙaraso kusa da mu. Garuruwan arewacin jihar suka watse, mutane suka shigo Yola da ƙafa, da tabarmi a ka da yara a goye. Babu gidan da bai cika ba. Aka kafa shingen bincike a kan hanyoyi. Daga baya bama-bamai suka fara tashi a cikin gari, inda mutane suke taruwa. Waɗanda ba su zauna a nan ba a lokacin ba za su gane abin da zan faɗa ba: gudu kansa ya zama abin tsoro. In ka ga mutum yana gudu ba ka tambayar dalili, kai ma ka zura.

Wata safiya 'yan ƙungiyar suka wuce ta gefen wata ƙaramar kasuwa, su kusan ashirin, suna haki. Kasuwar ta watse. Mai tuyar ƙosai ta kifar da kaskon mai, wata tsohuwa ta faɗi ta karya hannu. Da yamma 'yan ƙungiyar suka taru a zauren gidana, Oga Chidi ya ce a rufe ƙungiyar har gari ya kwanta. Sa'adu ya ƙi. Ya ce in suka daina, babu wanda zai sake gudu a garin nan sai wanda aka koro, kuma yaran da ke tasowa za su ɗauka gudu ba shi da wani amfani sai wannan. Ya ce shi zai riƙa shiga gaba yana gaya wa mutane.

Haka aka yi. Ya samo wata tsohuwar ƙararrawar makaranta ya ɗaure a kan kekensa. Ya ɗinka musu riguna masu ruwan ɗorawa mai haske. Shi ne gaba, yana kaɗa ƙararrawa yana cewa, “Lafiya ce, jama'a! Motsa jiki ne!” In sun shiga cikin Yola ya juya da Fulatanci. In sun doshi shinge ya riga su isa, ya sauka, ya ɗaga rigarsa a ga cikinsa, ya ce ga mutanensa nan tafe. Suka yi doka guda: babu mai wuce ƙararrawa. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, da wannan aikin Sa'adu ya bar tseren da yake so. Mai shiga gaban masu gudu da ƙafa dole ya riƙa taka keke a hankali kamar tsoho. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai na kan gan shi da rana yana goge keken yana juya tayar da hannu, yana kallon yadda take gudu ita kaɗai.

Mutane suka saba da shi har sunansa ya ɓata, aka koma kiransa Lafiya Ce. Wata maƙwabciyata ta gaya mini cewa a duk labaran da take ji a wuni, nasa kaɗai take yarda da shi.

A cikin waɗanda suka shigo gari akwai wani saurayi mai suna Zira, daga wajen Michika. A harabar wata majami'a yake kwana, Oga Chidi ya ɗauke shi aiki a shago, daga nan ya shigo ƙungiyar. Ba su taɓa ganin mai gudu irinsa ba. Ba ya magana sosai. Ranar da aka tambaye shi inda ya koyi gudu haka, cewa ya yi ba koya ya yi ba, koro shi aka yi. Suka sa rai a kansa, suka ce a ƙarshe za su kawo kofi Jimeta. Da yake lokacin zafi ne kuma tseren da suke shiri mai nisa ne, Sa'adu ya ɗinka masa ɗamara mai aljihuna, ana zura ƙananan gororin ruwa a ciki. Ya yi alfahari da ɗinkin nan, har ya kawo ya nuna mini. Zira kan ɗaura ta a ƙarƙashin riga don kada gororin su riƙa karkaɗawa.

Ranar da abin ya faru, ba a daɗe da tashin wani bam a gari ba, mutane duk a firgice suke. 'Yan ƙungiyar suna dab da mahaɗar sai sarƙar keken Sa'adu ta zame. Ya sauka yana gyara, ya ɗaga hannu. Kowa ya tsaya ban da Zira. Ya ce daga baya shi ya ɗauka cewa aka yi a ci gaba. Ya shiga mahaɗar shi kaɗai: baƙuwar fuska, a guje, ga abu ya kumbura a ƙarƙashin riga, babu ƙararrawa a gabansa. Wani ya yi ihu. Shi kuwa Zira, da ya ji ihu a bayansa, ya yi abin da ya cece shi a baya, ya ƙara gudu. Suka tare shi.

Sa'adu ya iso da baƙin mai a hannunsa, ya jefar da keken ya kutsa ya faɗa kan Zira. Waɗanda suka gani sun ce bai daina faɗin maganarsa ta kullum ba. Mutanen wurin sun san shi, kowace safiya suna ɗaga masa hannu. Amma a cikin irin wannan taro babu mai kallon fuska. Kafin wani mai shayi ya gane shi ya shiga tsakani, an riga an sauke masa bulo a ka. Wani ya sa wuƙa ya yanke ɗamarar. Ruwa ya zuba a ƙasa. Da suka ga ruwa ne, kowa ya sulale.

Ya yi 'yan kwanaki a asibiti. Sau ɗaya ya farfaɗo sosai ina zaune kusa da shi. Ya tambayi labarin Zira, na ce yana da rai, ƙafarsa ce ta karye. Sai ya ce, “Sarƙar ce, Adda. Tun shekaranjiya nake cewa zan canza ta.” Bai ƙara wata magana mai tsawo ba sai salati, har Allah Ya karɓi abinsa.

Ba a kama kowa ba. Duk wanda aka tambaya ya ce shi bai iso wurin ba tukuna. In ana maganar waɗanda fitinar nan ta ci, sunan ƙanina ba ya ciki, don ba mutanen daji ne suka kashe shi ba. Masu tumatir ne, da masu jiran mota, da masu zuwa sayen koko. Wannan ne ya fi ci mini rai shekara goma. Da baƙi ne da na san inda zan ajiye fushina. Amma na san tsoron da ya kama su. A makon da abin ya faru ni kaina na ji tayar mota ta fashe a bakin kasuwa, ban san inda na bar takalmana ba sai da na iso gida.

Na kan tambayi kaina me Sa'adu zai ce in ya ga Jimeta ta yau. Ranar Asabar titi cike yake da masu gudu, wasu da waya a kunne, har mata da hijabansu suna tafiyar sauri, babu mai ko waiwayensu. Na san zai yi murna, zai ce ai abin da ya faɗa ke nan. Ƙungiyar ta girma, masu keken suna da hular kwano, sun kuma kawo kofi ba sau ɗaya ba. An buga maganarsa a bayan rigunansu. Wani sabon ɗan ƙungiya ya taɓa gaya mini, yana shan kununa, cewa ai taken ƙungiya ne kawai, don daɗin faɗa aka zaɓe shi. Ban gyara masa ba. Na rasa ko in ji daɗi cewa bai san wancan lokacin ba, ko in yi kuka.

Amma Sa'adu zai ga wani abu kuma. Har yau in aka yi ihun ɓarawon waya a garin nan, kafin a tambaya mutane sun ɗauki duwatsu. Fitinar ta ja baya, hannun da ta koya mana ɗagawa bai sauka ba.

Zira bai sake tsere ba. Yana ɗingishi, ya yi aure a nan, yana da 'ya'ya. Bayan sadakar arba'in ya zo ya durƙusa ya roƙe ni keken, na ba shi don ba na iya kallonsa a jingine. Tun daga nan shi ke shiga gaba da ƙararrawa, ko da yake babu mai firgita yanzu. Shi da Oga Chidi ne suka zo mini da buƙatar nan. Oga Chidi, wanda furfura ta cika kansa, ya yi ta kewaye-kewaye, yana cewa hanyar ta fi kyau, an gyara kwalta. Zira ne ya katse shi. Ya ce, “Adda, ba maganar kwalta ba ce. Shekara goma ina zagaye wurin nan, na gaji. Amma in kin ce a'a, ba za mu bi ba.”

Abin da ya hana ni amsawa, ina tsoron su wuce mutanen wurin su yi musu tafi. Ina kuma tsoron su wuce babu wanda ya tuna komai. Ban san wanne ya fi muni ba.

Jiya da hantsi na hau keke napep, da ya doshi mahaɗar ban ce ya tsaya ba. Na sauka a tsakiyarta. Babu wata alama. Ga tumatir, ga mai ƙosai, ga yara suna tsallaka titi. Mai shayin nan yana inda yake, ya tsufa. Ya dube ni ya daɗe, don ni da Sa'adu muna kama. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma ce ba ya nan ranar ba. Ya jawo mini benci, ya ce tun daga ranar bai sake jin ƙararrawar ba, amma har yanzu da safe in yana hura wuta kunnensa na jiranta. Na zauna kaɗan, ban iya shan shayin da ya zuba mini ba, na tashi.

Sa'adu bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, shagonsa ma wani ne a ciki yanzu. Abin da ya rage nasa keke ne da aka canza wa sarƙa, da ƙararrawa, da wannan al'ada ta mutum ɗaya ya shiga gaba ya gaya wa masu tsoro cewa waɗanda ke tafe a bayansa mutane ne kamarsu. Ban san ko wannan ya kai ran ƙanina ba. A wurina bai kai ba. Amma shi ne abin da ya bari, kuma ba daidai ba ne a riƙa ɓoye shi daga wuri ɗaya tilo da ya fi buƙatarsa.

Na aika wa Zira cewa su bi, da sharaɗin babu mai wuce ƙararrawa ko da taku ɗaya. Na kuma ce bana kada su ƙare a ƙofar gidana. A mahaɗar zan ajiye tukunyar kunun, kusa da teburin mai shayi. Na riga na gyara gyaɗar, na aro kofuna a maƙwabta, don na san ba 'yan ƙungiya kaɗai za su miƙo hannu ba. Duk wanda ya miƙo zan zuba masa, ba zan tambaye shi inda yake a waccan safiyar ba.