Zambon da Ba a Wanke Ba

Ranar da Madam Jeanne ta zo mahautar Garwa, hadari ya haɗo tun hantsi daga wajen kogin Binuwai, yana ta gurnani bai zubar da ko ɗigo ba. Zafi ya danne gari, ƙuda ma sai a hankali yake tashi. Ilyasu mai kalangu yana tsakanin rumfuna, ya saƙale kalangunsa a hammata.

Kiɗan mahauta Ilyasu ya gada daga ubansa, wanda shi ma ya gada daga nasa uban da ya biyo fataken shanu daga Katsina. Shekara arba'in yana yi, kuma sana'ar tana da ƙa'ida. Zai tsaya gaban mahauci ya zambace shi, kasuwa ta yi dariya. Mahauci ya jefo tsoka. Nan take, kafin jama'a su watse, sai ya wanke shi da kirari, ya ɗaga shi sama da inda ya same shi. Zambon da ba a wanke ba, in ji ubansa, wuƙa ce da aka bari a jikin mutum.

Madam Jeanne malamar lise ce, wato makarantar sakandare, tana koyar da harsunan gida. Ta gaishe shi da Fillanci, sannan ta juya da 'yar Hausarta ta ce tana haɗa ɗan littafi na kalmomin adabi don ɗalibai, misalai take nema daga bakin masu abin.

"Baba, yi mini ɗaya in ɗauka a waya."

Ilyasu ya waiga, idonsa ya faɗa kan Mahfuzu, amininsa tun suna makarantar allo. Shi ne wanda ba zai taɓa jin haushi ba. Ya matse kalangu ya buga.

"Mahfuzu mai wuƙar aske iska! Ka yanka nama a hango Binuwai ta cikinsa! Ƙuda ya sauka rumfarka da yunwa, ya tashi da azumi!"

Mahauta suka fashe. Mahfuzu ya ɗaga wuƙa yana dariya. "Ɗan banza, zo in auna harshenka, ya fi na bijimi nauyi!"

Madam ta yi ta tafa hannu. Ta ce masa abin da ya yi yana da suna a makaranta. Hango kogi ta cikin nama kambamawa ce, wato kai magana inda ba ta kai ba. Ƙuda mai azumi kuwa mutuntarwa ke nan, a ba ƙwaro halin ɗan Adam. Duka a haɗe sunansu zambo. Ilyasu ya yi ta maimaita kalmomin a ransa. Ashe abin da ake ba shi guntun hanta a kai, 'yan boko sun raɗa masa suna. Daɗi ya rufe shi.

Sai iska ta taso da ƙarfi, ledoji suka tashi sama. Madam ta cusa waya a jaka, ta tsayar da mai babur, ta tafi. Bayan tafiyarta Mahfuzu ya jefo hanta, Ilyasu ya wanke shi tas: gulbi mai shayar da mai jirgi da mai jaki, inuwar marayu, wanda maƙwabcinsa ba ya kwana da tukunya fara. Mutum goma suka ji. Wayar ba ta ji ba. Ilyasu bai damu ba, don a saninsa magana iska ce, an yi an wanke, shi ke nan.

Da aka koma makaranta bayan damina, littafin ya fito, an raba wa ɗalibai. A ƙarƙashin zambo ga maganarsa baƙi kan fari, ga fassarar Faransanci a gefe. Sunan Mahfuzu yana nan ɓaro-ɓaro. Ilyasu kuwa an ce "wani makaɗi a Garwa". Akwai har tambaya a ƙasa: wane hali na Mahfuzu makaɗin yake suka?

Khaula, 'yar autar Mahfuzu, tana ajin da aka karanta shi. Aji guda ya amsa da murya ɗaya: rowa. Daga ranar sunanta ya koma 'yar mai ƙuda. Ɗalibai suka riƙa biyowa ta mahauta da kayan makaranta, suna leƙen rumfar suna ƙunshe dariya.

Da labari ya iske Ilyasu, ya je rumfar da kansa. Mahfuzu bai ɗago daga kan ƙashin da yake sara ba.

"Aboki, ai na wanke ka. Kana nan."

"Ni ina nan. Khaula tana nan? Malaminsu yana nan? Ka wanke ni a gaban mutum goma, ka bar ni tsirara gaban yaran gari. In za ka iya, je ka wanke takarda."

Ya je kuwa. Kwana uku yana zama bakin ƙofar lise kafin ya ga Madam. Ta dafe kai, ta ce wallahi ba ta san akwai saura ba, za ta ƙara kirarin a bugun baɗi. Kafin baɗi aka yi mata canjin aiki zuwa Banyo. Littafin ya rage, ana ta kwafarsa a shagon hoto yadda yake, shekara bayan shekara.

Sarkin fawa bai kori Ilyasu ba. Mahauta ne kawai suka daina jefo tsoka, kowa yana tsoron ya wayi gari a cikin jarrabawa. Idan ya matso da kalangu sai a ce, "Wuce, Malam, yau ba mu da aji." Khaula ta bar makarantar ta koma wajen gwaggonta a Kolofata. Mahfuzu ya rasu bara, ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba. A wajen jana'iza Ilyasu ya tsaya a sahun baya, kirarin yana bakinsa, babu mai sauraro.

Yanzu Ilyasu yana gadin babura a ƙofar kasuwa. Kalangun yana rataye a ɗakinsa, fatar ta tsage. Ɗalibai suna wucewa ta gabansa kullum, wasu sun haddace zambon, ba wanda ya san shi ne mai shi.