Tulunan Kaka a Cikin Taki

Haihuwar fari a gida na yi ta, wani ƙauye kusa da Fulatan, cikin shekarun tamanin. Itacen wankan jego a wuyan miji yake, kowa ya sani. Mijina sabon malamin firamare ne a Karaye, sai ga shi da ɗan abin da bai cika amalanke ba. Goggona ta leƙa ta dawo tana taɓe baki.

"Wannan ko suna ba zai kai mu ba, balle arba'in."

Raina ya ɓaci ƙwarai. In itacen ya ƙare Baba ne zai ciko, mijina kuma ba zai ƙara ɗaga kai a gidanmu ba.

Bayan dangarmu akwai tsibin taki da ke jiran a kai shi gona: kashin shanu, ƙaiƙayi, ruɓaɓɓiyar harawa, kullum ana watsa masa ruwan wanke-wanke. Na ga Kaka ta nufi can da fartanya. Ni da ban iya ganin abu in yi shiru ba, na lallaɓa na bi ta.

"Sa hannunki nan, 'yar nan," in ji ta bayan ta tona.

Na sa, na fizge. Zafi kamar cikin malmalar tuwo!

"Kaka, wa ya hura wuta a ciki?"

"Wanda ya ba kaza ɗumin kwanci. Je ki tambaye shi."

Ta binne tuluna biyu cike da ruwa har wuya, ta toshe bakinsu tam. Washegari ruwan ya fito da zafinsa, ice kaɗan ya tafasa shi. Goggo ta ɗiba a ƙoƙo ta shinshina tana neman wari, ba ta samu ba.

Na ishi Kaka da tambaya. Me ya sa tsakiya ta fi gefe zafi? Me ya sa in tsibin ya huce sai ta juya shi ta yayyafa ruwa? Ruwa fa, abokin gabar wuta! Takan ce mai jego da surutu ba ta nono.

Ranar arba'in mijina ya zo a sanyaye. Ina daga soro na ji Baba yana ce masa, "Malam, itacenka ya yi albarka, har da saura."

Mijina ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Kaka ta hana ni gaya wa mijina sirrin tulunan, ban kuwa faɗa ba sai bayan rasuwarta.