Gado Mai Kwamfuta da Darussan Albasa

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a Jega ya san shagon Gado, wani ɗan matsattsen ɗaki a bayan tasha. Gado mutumin Sarandosa ne, ɗan Malam Mudi, manomin da ake tasowa har daga Aliero a tambaye shi yadda yake ajiye albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba. Shi kuwa ɗan, duk da sunansa, bai gaji noma ba. Da ya gama sakandare a Maiyama bai samu hanyar ci gaba ba, sai ya zo Jega ya zauna wurin wani mai gyaran rediyo. Daga rediyo hannunsa ya faɗa kan kwamfuta, bai sake waiwayar komai ba.

Wani malamin jami'a ne ya fara ba shi faifan Ubuntu, ya ce masa wannan tsarin kyauta ne, kowa na iya kwafa ya raba, kuma tsohuwar na'ura ma tana ɗaukarsa. Gado ya gwada, ya ga kwamfutocin da aka yasar suna farfaɗowa. Tun daga nan duk wadda aka kawo masa ta gaji, Ubuntu yake zuba mata. Ƙorafi ɗaya kawai masu kaya ke dawowa da shi: bidiyo ba ya buɗewa. A wancan zamani kusan duk bidiyon intanet sai da Filash, wata ƙaramar manhaja da ake maƙala wa burawuza, ita kuma ba ta zuwa tare da Ubuntu, sai an sa ta daban. Gado ya koyi sa ta har ya haddace. A faɗin Jega, shi kaɗai ya iya.

A nan Ukasha ya same shi. Ukasha ɗan Dangamaji ne, yana karatu a jami'ar Aliero, mai fara'a, mai daɗin baki. Gyara ya kawo, ya zama aboki. Har ta kai Wasila, matar Gado, idan za ta aiko da abincin rana, na mutum biyu take zubawa.

A shekarar 2013 Gado ya ga tarin albasa ruɓaɓɓiya an zubar a bakin kasuwa, wari ya hana wucewa. Ya ce wa Ukasha, ilimin da ke cikin kan Baba da za a tattara shi wuri ɗaya, manoma su gani su ji da Hausarsu, da an rage wannan asara. Ukasha ya ce kwamfutarsa tana da manhajar da ake haɗa darussan Filash, shi dai bai taɓa buɗe ta ba, Gado ya ɗauka ya gwada.

Shekara guda da wani abu Gado ya yi a kan aikin. Ranar Juma'a bayan masallaci ya rufe shago, ya hau babur zuwa Sarandosa. Ya zaunar da tsohon gindin mangwaro, ya kanga masa waya a baki. Malam Mudi ya yi ta bayani: yaushe ake daina ban ruwa kafin cira, yadda ake barin ganye ya bushe a jikin albasa, yadda ake ware mai rauni, yadda ake ɗaga rudu, wato gadon kara na ajiye albasa, daga ƙasa don iska ta ratsa ƙarƙashin albasar da aka shimfiɗa. Wani lokaci zakara ya yi cara a tsakiyar magana, a sake daga farko, tsohon yana dariya. Gado ya ɗauki hotuna, ya zana rudun da hannunsa, ya haɗa ta yadda in an danna kowane sashe murya za ta yi bayaninsa. Darasi goma sha ɗaya. Ukasha sau ɗaya ya raka shi, shi ma bai wuce la'asar ba.

Da Ukasha ya gama karatu zai tafi bautar ƙasa, ya karɓi kwamfutarsa. Ya ce zai nuna wa manya, in an samu mai tallafawa Gado zai fara ji. Gado bai ko kwafi aikin ba, don bai ga dalili ba. Waya ta riƙa raguwa har ta ɗauke. A cikin wannan tsakanin Malam Mudi ya kwanta ciwo na mako biyu a asibiti, Allah ya yi masa rasuwa. Ukasha ya aiko da ta'aziyya ta saƙon waya.

Wata Talata da hantsi, shekara biyu bayan rabuwarsu, farar mota ta tsaya ƙofar shago. Ukasha ya fito, ya yi ƙiba, ya rungume Gado. Yanzu yana aiki da wata ƙungiya mai taimakon manoma. Sun sayo kwamfutocin hannu goma sha takwas za a raba wa malaman gona, duka da Ubuntu, kuma jibi za a yi taron ƙaddamarwa a Aliero. Sai ga shi abin da za a nuna ya ƙi buɗewa, ma'aikatansu sun yi iya yinsu sun kasa.

"Filash kawai za ka sa musu, abokina," in ji Ukasha. "Ba sai ka buɗe komi ba, ni zan gwada da kaina. Bari in kai direba ya sha mai."

Gado ya jawo ta farko, ya soka modem. Ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya rubuta layin da ya saba, ya sa kalmar sirrin da aka manna a bayan na'urar. Sabis ya yi ta ja da ƙyar, rubutu na gangarowa layi-layi, har ya kammala. Ya rufe burawuza ya sake buɗewa. Shi kuwa tun da yake bai taɓa mayar wa mai kaya na'ura bai gwada ba. Fayil ɗaya ne a fuskar kwamfutar, ya danna.

Zanen rudunsa ne ya bayyana, har da ƙafar da ta ɗan karkace wadda ya sha cewa zai gyara. Sai muryar mahaifinsa ta cika shagon.

Rabon Gado da jin wannan murya tun asibiti. Ya saurara har ƙarshen darasin, sannan ya komo farko, don ya ji kamar wani abu ya ɓace. Ai kuwa. Wurin da tsohon ke yin sallama ya ce shi ne Mudi na Sarandosa, an yanke shi. A shafin farko an rubuta: bincike da tsarawa, Ukasha Gambo. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: muryar wani manomi.

Ukasha ya dawo ya tarar da muryar tana tashi. Ya tsaya bakin ƙofa.

"Ukasha, wa yay yi wanga aiki?"

"Gado, ka tsaya ka ji. Mutanen nan takarda suke dubawa. In na ce mai gyara a bayan tasha ne ya yi, ko kallo ba za su yi ba. Kuma ai a kwamfutata anka yi shi."

"Nawa sunan ka cire, na ji. Na Baba fa? Mi yay yi maka?"

Ukasha ya dubi ƙasa, ya ce za a gyara a fitowa ta gaba, kuma yana nan yana nema wa Gado gurbin mai kula da na'urori a ofishinsu. Gado ya jawo kwamfuta ta biyu. Ɗaya bayan ɗaya ya sa wa sha takwas ɗin nan Filash, kowace ya gwada ta, kowace mahaifinsa ya yi magana a ciki. Ukasha ya kasa zama, ya koma mota. Kafin la'asar direba ya kwashe su.

Wasila da ta ji labari ta tafa hannu. "Baban Fa'iza, kuma ka sa mishi? Da ka bar shi ya ji kunya gaban manyan nashi!"

Gado ya ce in bai sa ba, manoma ba za su ji Baba ba. Ya ture kwanon abincin da ta ajiye masa, bai ci ba.

Ranar taro ya je Aliero, ya tsaya can baya cikin masu babura. Aka kunna darasi a lasifika. Wani dattijo kusa da shi ya ɗaga kai ya ce, "Wanga ba Mudi na Sarandosa ba ne?" Mutum biyu uku suka amsa, shi ne. Amma tafi ya rufe maganarsu, an kira Ukasha ya karɓi lambar yabo. Gado ya juya kafin a tashi.

Fitowa ta gaba ba ta taɓa zuwa ba. Ukasha ya samu ƙarin girma, ya koma Birnin Kebbi, daga can Abuja. Gado ya ci gaba da gyara, sai dai masu zuwa hira sun ce ya canza. Ba ya tsawaita zance, kuma bai sake yin aboki irin na kwano ɗaya ba.

A farkon 2021 masu Filash suka daina ta gaba ɗaya, burawuzoji suka rufe mata ƙofa. Darussan nan goma sha ɗaya suka mutu a duk na'urar da suke. Ana nan sai ga kira daga baƙuwar lamba. Ukasha ne. Bayan doguwar gaisuwa ya ce manyansa suna so a mayar da darussan bidiyon waya, an buɗe fayilolin an rasa gane kansu, ko Gado zai taimaka.

"Za a mayar da sallamar Baba?"

Ukasha ya ce wannan yankin ya daɗe da gogewa, kuma ba shi da inda zai samo shi.

"To ka nemi wanda yat tsara," in ji Gado. "Sunanshi na nan shafin farko."

Ya kashe wayar. Ya ajiye sukudireba, ya fita ya zauna kan benci. Wata ɗaliba da ta kawo kwamfutarta tun safe ta ce ko ta dawo gobe. Ya ce a'a, ta ba shi minti goma.